Ƙaryar Da Ta Yi 'Ya'ya: Sharhi Kan Wasan *DNA* Na Dennis Kelly

Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Da wannan magana aka raine mu, kuma a kanta aka gina yawancin wasannin kwaikwayon da muka karanta a makaranta. Maƙaryaci zai sha sharafinsa na ɗan lokaci, daga baya asirinsa ya tonu, a ja labule, kowa ya tashi da darasinsa a hannu. Wasan *DNA* na marubucin Birtaniya Dennis Kelly ya zo mana da ƙaryar da ta yi fure, ta yi 'ya'ya, har waɗanda suka shuka ta suka ci suka ji daɗi. Yara 'yan sakandare ne suka ƙulla ta don su ɓoye abin da suka yi wa ɗan'uwansu ɗalibi, kuma tun da suka ƙulla ta sai rigimar da ke tsakaninsu ta kwanta, makaranta ta lafa, kowa ya ƙara kirki. Tambayar da wasan ya ɗora mana ita ce: in zaman lafiyar jama'a ya rataya kan a danne mutum ɗaya, wa zai ce bai yarda ba, kuma me faɗar tasa za ta tsinana in bai haɗa ta da aiki ba?

Marubucin da mafarin wasan

Dennis Kelly ɗan arewacin Landan ne, iyayensa 'yan asalin ƙasar Ayalan. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya yi aiki a kantin sayar da kayan masarufi, sai da ya girma sannan ya koma karatu a kwalejin Goldsmiths ya karanci wasan kwaikwayo. Wasansa na farko, *Debris*, ya fito a 2003. Mutane da yawa sun fi saninsa da *Matilda the Musical* na 2010, wanda ya tsara labarinsa daga littafin Roald Dahl, da kuma shirin talabijin na *Utopia* na 2013.

An rubuta *DNA* ne domin shirin Connections na Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Landan. A ƙarƙashin shirin, kowace shekara ana ba ƙwararrun marubuta aikin rubuta sababbin gajerun wasanni, a raba wa makarantu da ƙungiyoyin matasa a faɗin ƙasar su shirya su da kansu. Matasa ne suka fara hawa dandamali da shi a 2007. A farkon 2008 kuma ƙwararrun 'yan wasa suka gabatar da shi a ƙaramin zauren Cottesloe na gidan, Paul Miller ya ba da umarni, aka haɗa shi da wasu gajerun wasanni biyu na Roy Williams da Lin Coghlan. Daga baya ya shiga manhajar adabin Ingilishi ta jarrabawar GCSE, wadda ɗaliban Ingila ke zaunawa a wajen shekara 16. Ke nan tsararrakin yaran da ke cikin wasan su ne manyan masu karanta shi. Kelly ya kuma bar ƙofa a buɗe cewa masu shiryawa suna iya sauya sunayen 'yan wasan, har su mai da namiji mace ko mace namiji. Bai ambaci sunan gari ba, bai ambaci sunan makaranta ba. Yana so kowace ƙungiyar yara da ta ɗauki wasan ta ga kanta a ciki.

Abin da ya faru

Akwai wani gungun ɗalibai da ake tsoro a makaranta, John Tate ne jagoransu. Akwai kuma Adam, saniyar ware, wanda ke bin su yana neman su karɓe shi. Wata rana suka ja shi daji suna yi masa wasan banza. Suka sa shi cin ganye, suka kashe masa sigari a jiki, suka sa shi tsallaka babban titi da gudu, shi kuwa yana ta dariya don kada a kore shi. Daga ƙarshe suka sa shi tafiya a kan wata ragar ƙarfe da ke rufe da rami mai zurfi, suka shiga jifansa da duwatsu. Dutse ɗaya ya same shi a ka, ya faɗa ciki. Suka tabbatar wa kansu ya mutu.

John Tate ya rasa dabara, abin da ya iya kawai shi ne hana kowa furta kalmar mutuwa. Sai aka nemo wasu ɗalibai biyu da ba sa nan lokacin da abin ya faru, Phil da Leah, saboda an san su da kaifin ƙwaƙwalwa. Phil, wanda tun farkon wasan bai ce uffan ba, ya buɗe baki ya zayyana shiri tiryan-tiryan. A sato rigar sanyin Adam daga gidansu ba tare da an taɓa ta da hannu ba. A san yadda za a yi wani baƙon mutum ya taɓa ta, don ƙwayoyin halittarsa su manne a jikinta. A bar sawun takalmi a daji. A kai Brian, mafi raunin zuciya a cikinsu, wurin shugaban makaranta ya ce wani mutum ya tsare shi a daji da nufin lalata. Phil ya ƙago kamannin mutumin: mai ƙiba, da kakin masu raba wasiƙu, haƙoransa sun lalace. Manufar ita ce 'yan sanda su yi ta neman wanda babu shi.

Shirin ya ci, har ya wuce inda aka nufa. Cathy, wadda tun farko abin yake ba ta nishaɗi, ta ga ai gara a yi aikin da kyau. Ta je ofishin tantance wasiƙu ta nemo mutum na gaske mai irin waɗannan kamanni, aka ɗora shaidar a kansa. 'Yan sanda suka kama shi. Brian ya ƙi zuwa ya nuna shi, Phil ya ce in bai je ba za a jefa shi ramin da Adam ya faɗa. Ya je.

Bayan makonni sai ga Adam a raye. Ya faɗa kan tarin ganye ne, ya rarrafa cikin duhu har ya fito, ya zauna cikin surƙuƙin daji yana cin ciyawa da ƙwari, da rauni a ka, da ƙyar yake tuna sunansa. A lokacin an riga an yi masa taron makoki, makaranta na shirin sa wa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya sunansa. Phil ya sallami saura, ya nuna wa Cathy da Brian wani wasa da leda da ake rufe kai da ita. Cathy ta gane nufinsa. Leah ta roƙe shi, shi kuwa ya tambaye ta wanne ya fi muhimmanci, mutum ɗaya ko kowa da kowa. Wannan karon Adam bai dawo ba.

Zubi da tsari

Wasan gajere ne, kashi huɗu, kuma wurare uku kawai ake gani: titi, fili, daji. Kowane kashi yana buɗewa a titi da Jan da Mark, ɗaya na ba ɗaya labarin sabon abin da ya ɓalle, suna katse juna, suna maimaita kalma ɗaya kamar ba su yarda da kunnuwansu ba. Daga nan a koma fili wurin Leah da Phil, sannan a shiga daji inda gungun ke taruwa a yanke shawara. Ana maimaita wannan kewaye har mai kallo ya saba da shi, sai a kashi na huɗu a cire dajin gaba ɗaya, domin babu sauran gungun da zai taru.

Babban abin lura shi ne ba mu ga mugunta ko ɗaya da idonmu ba. Jifan Adam labari ne da Mark da Jan suka bayar. Kama mai raba wasiƙu labari ne. Kisan ƙarshe a bayan fage aka yi shi. Wannan tsohuwar dabara ce tun wasannin Girkawa, inda manzo ke shigowa ya faɗi abin da ya auku, amma Kelly ya sa ta wani aiki dabam. Masu ba da labarin nan su ne masu laifin, don haka muna jin yadda harshe ke wanke hannu tun kafin jini ya bushe. Mark yana ta nanata cewa wasa ne, ai Adam ma dariya yake yi. Jan tana ta ƙoƙarin nuna daidai lokacin da ita ta bar wurin. A bakinsu jifa ya zama abin da ya faru da kansa, dutse ya tashi ba a san hannun da ya jefa shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a wurin sasanta rigima ya san irin wannan magana, inda “muka yi” ke rikiɗa ya zama “aka yi”. Fitowar nan ita ce mafi ƙarfi a wasan, kuma ƙarfinta daga yadda take ba da dariya ne. Mai kallo zai tsinci kansa yana murmushi kan yadda suke kame-kame, sannan ya tuna abin da suke ba da labarinsa.

Mai shiru da mai surutu

Zuciyar wasan tana fili, inda Leah ke magana Phil na cin abinci. A kusan kowace fitowa akwai wani abu a hannunsa: askirim, soyayyen dankali, alewa, wainar fulawa da yake shafa wa man shanu a tsanake yayin da Leah ke tsaye da akwati tana cewa za ta gudu. Ba ya amsa mata. Ita kuwa tana zuba, ta yi tambaya ta amsa wa kanta, ta zargi kanta da yawan magana, ta shaƙe wuyanta don ta ga ko zai ɗago kai, har ta gaya masa ta kashe ƙaramar dabbar da take kiwo. Duk bai motsa ba.

Kelly ya gane wani abu game da iko wanda masu sarauta suka daɗe da sani: wanda ba ya magana shi ake jira. John Tate yana mulki da ihu da barazana, kuma bai wuce kashi na farko ba, daga baya sai labarinsa muke ji, cewa ya kulle kansa a ɗaki, ƙarshe ya shiga wata ƙungiyar addini. Phil bai nemi shugabanci ba, bai taɓa Adam ba, bai ɗaga murya ba. Amma in ya yi magana, umarni ne da sunan kowa da aikinsa. Shi ya sa laifinsa ya fi na saura nauyi. Su sun yi abin da suka yi cikin zafin taro, shi kuwa da sanyin kai ya zauna ya lissafa.

Leah ce lamirin wasan, kuma a kanta hukuncin Kelly ya fi tsanani, ko da yake a ɓoye yake. Ita ce ta san abin da ake yi ba daidai ba ne. Ita ce ta fara lura cewa tun da Adam ya ɓace kowa ya fi farin ciki, waɗanda ba sa ga-maciji sun zama abokai, kuma wannan ya tsorata ta. Amma duk abin da ta sani, Phil take kai wa. Ba ta je wurin 'yan sanda ba lokacin da aka kama marar laifi. Ba ta bi Cathy cikin daji ta ƙwace ledar ba. Abin da take nema shi ne Phil ya dube ta, kuma wannan buƙata ta fi ƙarfin saninta. Da ta tashi yin tawaye, sai ta tofar da alewar da ya ba ta, ta tafi, ta sauya makaranta. Ta tsira da kanta, ta bar mai raba wasiƙu a tsare. Mu masu karatu da rubutu, masu iya fayyace abin da ke damun al'umma a dogon sharhi, Leah ce 'yar'uwarmu a wasan nan, kuma bai kamata kamannin su yi mana daɗi ba.

Rami, riga da kerkeci

Mai karatu Bahaushe ba zai yi nisa cikin wasan ba sai wata ƙissa da ya sani tun yana ƙarami ta faɗo masa a rai. Taron 'yan'uwa sun ja ƙanensu daji da sunan wasa, sun jefa shi rijiya, sun komo da rigarsa ɗauke da shaidar ƙarya, sun ɗora laifin kan kerkecin da bai ci kowa ba, suna ganin bayan haka al'amarinsu zai daidaita su zama mutanen kirki. Wanda aka jefa kuma bai mutu ba. Ba muna cewa Kelly daga ƙissar Annabi Yusuf (AS) ya ɗauko labarinsa ba, kuma ba muna daidaita wahayi da ƙagaggen wasa ba. Amma jera su yana nuna mana abin da Kelly ya cire.

A ƙissar akwai uba, wanda ya dubi rigar bai gaskata ba. A *DNA* kowa ya gaskata rigar: shugaban makaranta, 'yan sanda, 'yan jarida, iyaye. A ƙissar kerkeci ya tsaya a matsayin zance, babu kerkecin da aka kamo aka yanka. A *DNA* an ƙago kerkecin, sai aka je aka samo mutum mai kama da shi aka kulle. A ƙissar dawowar wanda aka zalunta ita ce ƙofar tuba da yafiya. A *DNA* dawowar Adam matsala ce da ake neman yadda za a kawar. An yi masa kuka, an yi masa taro, an ba shi darajar da bai taɓa samu ba yana raye, don haka rayuwarsa ta zama barazana ga duk alherin da mutuwarsa ta kawo. Masanin Faransa René Girard, a littafinsa na 1972 kan tashin hankali da abin tsarkakewa, ya yi bayanin yadda al'umma ke kashe wutar gabar da ke cikinta ta hanyar taruwa a kan mutum ɗaya, sannan ta koma tana girmama shi bayan ta hallaka shi. Ɗakin kimiyyar da za a sa wa sunan Adam misali ne na wannan, cikin sigar makarantar sakandare.

Sunan wasan

Sunan da Kelly ya zaɓa yana da fuska biyu. Ta farko ta shafi shari'a. A Birtaniya aka gano hanyar bambance mutum da ƙwayoyin halittarsa, a Jami'ar Leicester, ta hannun Alec Jeffreys a 1984. Karon farko da 'yan sanda suka yi amfani da ita a binciken kisa, a 1986, wani matashi ɗan shekara 17 ta wanke, wanda ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. A 1995 aka kafa rumbun ajiye bayanan ƙwayoyin halitta na ƙasa, kuma a Disamban 2008, shekarar da aka nuna wasan a Cottesloe, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke cewa ci gaba da ajiye bayanan mutanen da ba a same su da laifi ba ya saɓa wa haƙƙinsu. A irin wannan ƙasa, inda aka ɗauki gwajin a matsayin shaidar da ba ta ƙarya, Kelly ya nuna yara suna juya ta cikin sauƙi. Gwajin bai yi kuskure ba, mutumin ya taɓa rigar. Labarin da aka kewaye gwajin da shi ne ƙarya, kuma na'ura ba ta auna labari.

Fuska ta biyu ita ce tambayar ko mugunta a jininmu take. Leah ta yi dogon bayani kan birai iri biyu, cimfanzi masu kashe junansu da farautar rauni, da bonobo masu tausayi da jan marar ƙarfi a jiki, tana tunanin da wanne muka fi kama. A ilimin halitta dai kusancinmu da su biyun ɗaya ne, kuma wasan ma bai zaɓa mana ba. Abin da ya nuna shi ne yaran nan suna da tausayi, har da sadaukarwa, amma iyakarsa bakin gungu. Phil yana ganin ceton abokansa yake yi. Wanda ke waje, ko Adam ko mai raba wasiƙu, ba ya cikin lissafi.

Ina manya suke?

Babu babba ko ɗaya da ya taka dandamali a *DNA*. In muka kwatanta shi da *The History Boys* na Alan Bennett, na 2004, inda malamai ke jayayya kan yadda za a tarbiyyantar da ɗalibai takwas masu neman shiga Oxford da Cambridge, za mu ga a can manya ne ke jan akalar wasan, ko da suna da nasu aibin. *Punk Rock* na Simon Stephens, na 2009, ya fi kusa da na Kelly, domin a ɗakin karatun wata makarantar kuɗi a Stockport ya kulle ɗalibansa ba malami, har abin ya kai ga harbi, amma ko shi ya kawo likita a fitowar ƙarshe. Littafin da aka fi danganta *DNA* da shi, *Lord of the Flies* na William Golding, na 1954, sai da ya kai yaransa tsibiri kafin su zama abin tsoro, kuma a ƙarshe hafsan sojan ruwa ya iso. Yaran Kelly suna kwana a gidajen iyayensu, suna zuwa aji kullum, kuma babu wanda ya iso.

Lokacin da aka rubuta wasan, Birtaniya na cikin tsoron 'ya'yanta. Kisan James Bulger, yaro ɗan shekara biyu, da wasu yara biyu 'yan shekara goma suka yi a kusa da Liverpool a 1993, bai bar zukatan mutane ba. A 1998 gwamnatin Tony Blair ta kawo dokar da ta ba kotu damar taƙaita zirga-zirgar wanda ake ganin yana damun jama'a, tun daga ɗan shekara goma. A 2005 babbar cibiyar kasuwanci ta Bluewater ta hana shiga da riga mai hular rufe kai, irin wadda matasa ke sawa. A 2007 rahoton UNICEF kan jin daɗin yara a ƙasashe 21 masu arziki ya sa Birtaniya a ƙarshe. Da sauƙi a ɗauki *DNA* a matsayin ƙarin shaida cewa yaran zamani sun lalace, amma wannan karatu ne na sama-sama. Dubi abin da yaran suka yi: sun ƙago maƙiyi, sun haɗa shaidar da za ta dace da shi, sun san irin mutumin da jama'a ke shirye su tsana, sun kafa hujja da maslahar mafi yawa. Wannan aikin manya ne. An rubuta wasan 'yan shekaru bayan mamayar Iraƙi ta 2003, wadda aka kafa kan makaman da ba a samu ba, kuma Kelly ya riga ya taɓo yanayin tsoron ta'addanci a wasansa *Osama the Hero* na 2005. Manya ba su fito a dandamali ba, amma dabarunsu ne a bakin Phil.

Inda wasan ya yi rauni

Cathy ita ce babbar matsala. Ƙarfin kashi na farko shi ne masu jifan yara ne na yau da kullum, irin Danny da ba abin da ya dame shi sai kada lamarin ya hana shi karatun likitan haƙori. Amma Cathy tun shigowarta murmushi take, tana murnar za a yi hira da ita a talabijin, ta yi barazanar ƙwaƙule wa Adam ido, a ƙarshe har ana raɗe-raɗin ta yanke wa wani ƙaramin ɗalibi yatsa. Da aka miƙa mata kisan, sai aka ba mai kallo mafita: zai ce ai wannan mahaukaciya ce, ni ba haka nake ba. Da hannun Danny ko na Lou ne ya riƙe ledar, da wasan ya fi ciwo kuma ya fi gaskiya.

Na biyu, rayuwar Adam ta makonni a dajin da ke kusa da makaranta, bayan an yi cigiyarsa har a talabijin, tana da wuyar haɗiya. Kashi biyu na farko sun horar da mu mu riƙa lissafin sawu da zare kamar masu bincike, sai na uku ya nemi mu karɓi abin da ya fi kama da almara. Jawabin Adam kan yadda ya farka cikin duhu yana da ratsa jiki, kuma ɗan wasa mai kyau zai iya rufe ɓarakar, amma a takarda ana ganin ɗinkin.

Na uku, jawaban Leah wani lokaci suna tauna wa mai kallo jigo su sa masa a baki. Zancen birai ya zo daidai yadda mai shirya tambayar jarrabawa zai so, kuma akwai haɗarin wasan da aka rubuta don ya tayar da hankali ya koma jerin amsoshin da ake haddacewa.

Akwai kuma mai raba wasiƙu, wanda ba shi da suna, ba shi da murya, kuma bayan kashi na biyu da wuya a ambace shi sai a gefen magana. Ana iya ganin wannan a matsayin sakaci. Mu dai muna ganin da gangan ne, kuma yana cikin abin da wasan ya yi daidai. A fitowar ƙarshe Richard ya maye gurbin Leah a fili, yana ba Phil labarin yadda kowa ya ƙare: Brian na shan magani mai ƙarfi, Jan da Mark sun koma ɗauke-ɗauke a kantuna, Cathy ce ke mulkin makaranta. Phil na zaune, a karon farko ba ya cin komai. Mai kallo zai fita yana tausayin Phil, yana tunanin ina Leah ta tafi, sai ya kai gida kafin ya tuna akwai mutum a kurkuku. Wasan ya sa mu mun yi abin da yaran suka yi.

Abin da ya rage mana

Ba a rasa ɗalibai a wasanninmu ba. *Kulɓa Na Ɓarna* na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, a kan 'yar makaranta aka gina shi, kuma ya daɗe a hannun ɗalibai. Sai dai a irin wannan wasa yaro abin farauta ne ko abin yi wa gargaɗi, babba ne ke ɓata shi, babba ne kuma ke faɗin darasi. Da wuya mu ga wasan da ya bar matasa su kaɗai da shawara mai nauyi, ya yarda suna da wayon da za su ƙulla mugun abu da kuma lamirin da zai hana su barci. Alhali duk wanda ya yi makarantar kwana ya san akwai wata daula a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an kashe fitila, da sarakunanta da dokokinta da saniyar warenta, wadda malamai ba su san rabin abin da ke gudana a cikinta ba.

*DNA* ba ya buƙatar kaya masu tsada. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne, da fili, da leda ɗaya. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kowace sakandare za ta iya ɗaukarsa, kuma mai fassara shi zuwa Hausa ba zai sha wuyar samo madadin mai raba wasiƙu ba, domin kowane gari yana da irin mutumin da in aka nuna shi da yatsa jama'a za su gaskata tun kafin a gama magana. Wahalar tana wurin ƙarshen. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi a ƙara fitowa ɗaya, a shigo da malam ko alƙali, a tona asiri, a saki marar laifi, a yi nasiha. Duk wanda ya ƙara wannan fitowa ya ɗauke wa 'yan kallo nauyin da Kelly ya ɗora musu, domin a yadda ya bar wasan, babu wanda ya san gaskiyar abin da ya sami Adam sai yaran da kuma mutanen da ke zaune a kujeru.